Kawu Ba Ya Barin Wasiƙa Babu Amsa

Zuwa ga ɗana Dogo,

Sallama da gaisuwa irin ta wanda ya daɗe bai sa ɗan ƙanwarsa a ido ba. Ina fata aikin jirgin kamun kifin bai fi ƙarfinka ba, kuma jirin teku ya sake ka. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Uwargidana Iya, gwiwa ta matsa mata, sai ta dafa bango take isa lambunta. Kunnena kuwa ya ƙara nauyi, don haka in kun zo gaɓa kada ka ɓata kuɗinka a waya, ihu kawai za mu yi wa juna. Rubuto. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan waya yana tantance wasiƙun jama'a ba zai kasa karanta taka ba, ko da yake rubutunka kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Na bi ta gaban shagon wanki da gugar da ka buɗe da sunan kamfani. Sun zo sun cire allonsu, sun kwashe injina, har rigunan ma'aikata masu tambarinsu ba su bari ba. Inda allon yake fentin ya fi sauran bangon haske. Na leƙa ta gilashi, ba komai sai maratayan kaya a zube a ƙasa. Raina ya ɓaci, ban iya tsayawa ba.

To ga maganar. Kamfani sun ce akwai kuɗin amfani da sunansu na watannin da ba ka biya ba, da na injin da ya lalace. Da ba su same ka ba sai suka juyo kaina, tunda ni na sa hannu na tsaya maka, kuma gidan nan na ambata a takardar lamunin. Ba gori nake maka ba. Da mahaifiyarka na raye, ita za ta fara miƙo mini biro.

Lauyansu ne ya rubuto. Takarda mai kauri, gefenta a miƙe, ninki uku daidai da bakin ambulan. Rabon da in ga wasiƙa mai tsafta haka tun ina aiki. Ya ce in aka biya gaba ɗaya yanzu, magana ta mutu.

Maƙwabcinmu Bakanike ya daɗe yana son filin baya don ya faɗaɗa garejinsa, kuma abin da ya taya ya isa bashin. Sai dai ka san filin bayan nan shi ne lambun Iya, da bishiyar lemonta da na'a-na'arta. Da na taɓa mata maganar sai ta tashi ta tafi ban ruwa. Me ka gani?

Kawunka.

*

Kawu,

Gaisuwa da girmamawa. A gaishe mini da Iya, Allah ya ba ta sauƙin gwiwa. Ina lafiya, gishiri ne dai ya tsattsage mini hannu. A gurguje nake rubutu, gobe za mu koma ruwa.

Kawu, don Allah kada ka sayar da filin. Ni na ci bashin, ba lemon Iya ba. In ta rasa lambun nan saboda ni, da wane ido zan shigo gidan? Nan ba a biyanmu sai kakar kifi ta ƙare, amma in ta ƙare a dunƙule ake ba mu, kuma na lissafa zai isa. Abin da nake roƙo, ka riƙe su da magana har lokacin. Kada ka yi musu shiru su ce ka raina su, su kai ka kotu. Kai da ka iya zance da manyan mutane, wannan ba zai gagare ka ba.

Ka yafe mini wahalar da na jawo maka.

Ɗanka, Dogo.

*

Ɗana Dogo,

Bayan sallama da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka riƙa shafa mai a hannun kafin ka kwanta, in ji Iya. Da na karanta mata inda ka ce kada a taɓa lambu, sai ta ce, «Ashe yaron nan yana da hankali, a wurin uwarsa ya gado.» Ka ji fa, wai ba a wurina ba.

Aikin da ka ba ni na riƙe shi hannu biyu. Na sallami Bakanike, na fito da tsohon teburina bakin taga, na sayo takardu masu kyau. Na rubuta wa lauyan cewa muna sane da bashi, ba kuma gudu za mu yi ba. Dogo, kafin mako ya zagayo sai ga amsa! Na sake rubutawa na ba shi tarihin shagon tun daga ranar buɗewa, da yadda aikin titi ya toshe ƙofarka har masu kawo wanki suka daina zuwa. Ya amsa. Na tambaye shi yadda aka kimanta injin da ya lalace, ya aiko da bayani shafi-shafi. A zamanin nan da yara ba sa amsa ko gaisuwa, ga mutum da ba ya barin wasiƙata ta kwana biyu a teburinsa. Ka san ni kuma, ban taɓa barin wasiƙa babu amsa ba, ko ta mai neman rigima ce. Shi ya rubuto, ni in rubuta, haka muke ta yi.

Har ofishinsa na je. Bene ne mai sanyi, kujerun jira masu laushi, aka kawo mini shayi a kofi mai marfi. Yaro ne, bai fi sa'anka ba. In na zauna sai ya dubi agogon hannunsa ya rubuta wani abu, in na tashi ya sake dubawa ya rubuta. Shi ya sa na sa masa suna Mai Agogo. Mutum ne mai ayyuka da yawa, amma bai taɓa katse ni ba.

Sau biyu yana ɗaga murya saboda kunnena yana cewa, «Baba, ina ba ka shawara ka nemi lauya naka. Ni na kamfani ne.»

Na ce, «Ɗana, me zan yi da wani lauya alhali ga ka, muna fahimtar juna?»

Ya dubi agogo.

A ƙasan kowace wasiƙarsa akwai wani layi da ke cewa duk abin da aka kashe wajen karɓar bashin yana wuyan wanda ya tsaya. Yana cikin takardar lamunin ma, na gan shi tun ranar sa hannu. Na san irinsa, kowane ofis da layinsa na ƙasa. Kuɗin kotu suke nufi, mu kuwa kotun ce muke kaucewa. Ka kwantar da hankalinka ka kama kifinka.

Kawunka.

*

Dogo,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Ban ga amsar wasiƙata ba, kullum sai na tare mai raba wasiƙu a ƙofa, har ya fara kauce wa idona. Na san yadda jakar wasiƙu ke kwana a tasha, na san yadda wasiƙa ke maƙalewa a ƙasan akwati, don haka ban zarge ka ba da farko. Amma shirun ya yi tsawo. Iya ta ce ƙila jirginku bai zo gaɓa ba. Ni kuwa zuciyata tana raya mini ko ka gaji da mu ne, ka ga an sami mai ɗaukar kayan ka sauke. In haka ne ka faɗa, ba zan riƙe ka ba.

Iya ta kwanta kwanaki, gwiwar ta kumbura. Ni nake yi mata ban ruwa, tana daga taga tana yi mini faɗa wai ina shaƙe na'a-na'a. Bakanike ya gaji da jira, ya sami fili a bakin babban titi, ya kwashe motocinsa. Unguwar ta yi tsit, har na fara kewar ƙarar gudumarsa, ni da ba na ji sosai.

Wasiƙun Mai Agogo sun sauya. Takardar tana nan da kaurinta, amma gaisuwar ta gajarce. Ya ce kamfani sun gaji, sun sa ranar ƙarshe. Na roƙi ƙarin lokaci, aka ba ni, na sake roƙo, aka sake ba ni kaɗan. Kowane roƙo sai da na rubuta shi da hujjoji, shi ma sai da ya kai wa kamfani ya dawo mini da amsa a rubuce. Yanzu ya ce sun shigar da ƙara. Na rubuta masa doguwar wasiƙa na tuna masa mutuncin da ke tsakaninmu. Ita ma ya amsa.

Ina riƙe da su da magana kamar yadda ka ce, amma maganar ta kusa ƙare mini. Yaushe kakar nan za ta ƙare?

Kawunka.

*

Kawu,

Wasiƙunka biyu yau na same su tare. Injin jirginmu ya mutu, aka ja mu wata tasha daban, muka yi zaman gyara, wasiƙu kuma suna can inda muka saba sauka. Wallahi ban gaji da ku ba, kada ka sake faɗin haka.

Kawu, ka daina rubuta wa lauyan nan. Ka daina yau. Kada ka sake taka ofishinsa.

Da na karanta maganar agogo sai da na zauna a kan igiya. Ba yawan aiki ne ke sa shi duba agogo ba, lokacinka yake aunawa. Lauyan kamfani da lokaci ake biyansa. Karanta wasiƙarka kuɗi ne, amsa ta kuɗi ne, zaman shan shayin ma kuɗi ne. Lokacin da nake shago na taɓa makara da kuɗin suna, suka aiko mini da takardar gargaɗi ɗaya tak, a ƙarshen wata na ga kuɗin rubuta ta a lissafina. Layin ƙasan nan ba kotu kaɗai yake nufi ba. Duk abin da suka biya shi tun daga wasiƙar farko, kanka za su ɗora.

Da na ce ka riƙe su da magana, nufina ka ce musu a yi haƙuri sau ɗaya ko biyu. Na manta da wa nake magana. Ya kamata in tuna kai ba ka iya barin takarda ta wuce ka ba.

An biya mu. Na tura duka ta banki, ban rage ko na takalmi ba. Ya kai abin da suka nema da farko. Ka nemi lauya naka, ka ba shi, shi ya yi magana. Ka gaya wa Iya ta ɓoye biron.

Dogo.

*

Ɗana,

Sallama. Kuɗinka sun iso, Allah ya yi maka albarka. Wasiƙarka ma ta iso, amma ta tarar da abin da take gudu ya riga ta shigowa. Jikin Iya da sauƙi. Ni ma lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Ƙungiyar 'yan fansho suka haɗa ni da wata lauya, mace mai faɗa, ofishinta ɗaki ɗaya a bayan kantin magani, fanka tana kaɗa takardu. Na kai mata kwalin wasiƙun a jere bisa tsari, kowace da kwafin amsarta. Na ɗauka za ta yaba. Ta buɗe kwalin, ta dube ni, ta ce, «Baba, duk kai ka rubuta waɗannan?»

Na ce ni ne, da hannuna.

Ta ce, «Inna lillahi.»

Ta nuna mini lissafin da kamfani suka kai kotu. Kowace wasiƙata tana ciki da ranarta, gefenta kuɗin karantawa, ƙasanta kuɗin amsawa. Wadda na ba da tarihin shago ta fi kowace tsada, don ta fi tsawo. Har wadda na yi masa barka da samun ƙaruwa tana ciki, da yake na ɗan taɓo maganar injin a ƙarshenta. In aka haɗa da kuɗin ruwa da na shigar da ƙara, abin ya ninka bashin har ya ɗora.

Na tambaye ta, ashe ba kowa ke biyan lauyansa ba? Ta ce da babu sharaɗin, alƙali ne zai duba ya ga wa zai ɗauki me, kuma da wuya a ɗora mini duka. Amma na sa hannu cewa ni zan ɗauke musu duk abin da suka kashe wajen bin bashin, kotu ko ba kotu ba. Abin da ya rage mata kawai ta nuna wani kuɗin ya wuce hankali.

Ta kuwa yi ƙoƙari. A kotu na zauna a benci na gaba don in ji, duk da haka rabi ya wuce ni. Na dai ji ta tana cewa an ga tsoho ba shi da lauya aka bar shi yana ta zuba. Mai Agogo ya miƙe ya ce sau biyu ya ba ni shawarar in nemi lauya, kuma ya rubuta mini haka. Alƙali ya juyo ya tambaye ni ko gaskiya ne. Lauyata tana ta ƙifta mini ido. Na ce gaskiya ne, ranka ya daɗe. To me zan ce? Ya faɗa ɗin.

Alƙali ya zabtare wani kaso, ya ce ba kowace gaisuwa ce ke buƙatar amsar lauya ba. Mutane suka yi dariya, ni ma na taya su don kada a ga fuskata. Sauran ya ce in biya. Kuɗinka sun share bashin shago tas, Dogo, ka fita. Abin da ya rage nawa ne, na alƙalamina, ga kuma kuɗin tawa lauyar a kai.

Na bi Bakanike har sabon garejinsa. Ya riƙe hannuna ya ce da na zo a lokacin. Ba wanda zai sayi fili a bayan gidan mutane, babu ƙofa ta titi, sai wanda ke jikinsa. Dillali ya ce sai dai gidan gaba ɗaya. Na gaya wa Iya a lambu. Ta ce, «To.» Ta ci gaba da tsinke busassun ganye.

Kada ka zo. Ba abin da zuwanka zai gyara.

Kawunka.

*

Kawu,

Na karanta layinka na ƙarshe har na haddace shi. Ka ce kada in zo. Na gane, kuma ban ga laifinka ba. Ni na hana ka sayar da fili, ga shi gida ya tafi. Da na yi shiru da bakina, da yanzu lemo kawai aka rasa.

Ba na iya cin abinci. Abokan aiki sun ɗauka ciwo ne. In ba ka son ganina, ka bar ni in riƙa turo abin haya duk wata, ba sai ka amsa mini ba. Ka dai gaya wa Iya ban yi don in cuce ta ba. Ina jin kunyar in rubuta mata da kaina.

Dogo.

*

Ɗana Dogo,

Sallama da gaisuwa daga sabon wuri. Kai dai har yanzu ba ka iya karatun wasiƙa ba, rubutun ma haka. Na ce kada ka zo ne saboda na san ka riga ka sa hannu a sabuwar kaka, in ka sauka a tsakiya ba za su biya ka ba. Gida ɗaya ya isa asara, ba sai an haɗa da aikinka ba. In kaka ta ƙare ka zo, akwai tabarma. Kuma wane ne ya ce maka za ka rubuto in ƙi amsawa?

Mun tashi. Wanda ya sayi gidan mai sayar da tayal ne, ya zo da ma'auni tun ba mu gama ɗaure kaya ba. Na ji yana gaya wa magininsa inda za a zuba kankare a baya. Na gode Allah da Iya tana ciki a lokacin, ita da kunnenta ke ji. Da aka biya kamfani da lauyoyi, abin da ya saura ya kama mana ɗaki da falo a ƙasan wani bene, don ba ta iya hawa. Tsakar gidan siminti ne, na kowa da kowa, igiyoyin shanya sun cika shi. Teburina bai shiga ba, na bar wa mai ɗaukar kaya.

Iya ta ciro na'a-na'a da saiwarta ta dasa a bokitin fenti, tana bakin ƙofa. Ba ta ambaci lemon ba ko sau ɗaya, ni kuma wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo. Na isar mata da saƙonka. Ta ce in gaya maka kai ka ce a riƙe su da magana, ba kai ka ce a rubuta musu littafi ba. Ta faɗa tana murmushi, amma daga nan ta juya fuska bango. Ina baƙin ciki, Dogo, ba zan ɓoye maka ba. Abin da na fi iyawa a duniya, wanda nake taƙama da shi a gaban mutane, shi ya fitar da matar nan daga gidanta da tsufanta.

Shekaranjiya wasiƙa ta biyo mu daga tsohon gida. Mai Agogo ne. Ba a takardar kamfani ba, a farar takarda, da hannunsa, rubutu mai kyau kuwa. Ya ce abin bai yi masa daɗi ba, ya ce bai taɓa samun mai rubuta masa wasiƙa irin tawa ba, ya tambayi gwiwar Iya. Na duba ƙasanta, babu layin nan.

Iya ta ce, «Wannan ba ta kuɗi ba ce, ka amsa masa mana. Yaron ya yi hankali.» Har ta fito mini da biron daga inda ta ɓoye shi.

Na ɗora takarda a gwiwa, na rubuta sallama, hannun ya tsaya. Na daɗe a haka har ta daina kallona. Da ta yi wa bokitinta ban ruwa sai ya fara ɗiga a simintin mai gida, ta ce in miƙo mata wani abu ta sa a ƙasa. Wasiƙarsa ce a kusa, na miƙa mata. Ta dube ni, ta ninka ta, ta tura ƙarƙashin bokitin. Tana nan har yanzu, tawadar ta narke.

Ita ce ta farko da na bari babu amsa tun da na iya riƙe biro.

Sabon adireshin yana bayan ambulan. Ka rubuta shi da manyan baƙaƙe, mai raba wasiƙun nan bai san ni ba.

Kawunka.